Lawal na Kankiya, Wanda Mutanen Garinmu Ke Wuce Ni Su Je Wurinsa

Ina cikin shagona a Kusada da hantsi, na kwance wata firinta ina share mata tawada, sai wayata ta yi ƙara. Musa ne, ƙanen Lawal. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce, "Yaya Sabi'u, sai haƙuri. Allah Ya yi ma Yaya Lawal rasuwa ɗazun nan a asibiti. Bayan azahar za a yi jana'iza." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake faɗa, sannan na zauna ina kallon hannuwana da suka yi baƙi. Na san ba ya da lafiya. Hawan jini ne ya kayar da shi a shago, na je na duba shi, har muka yi magana. Ban ɗauka tafiya ce ba.

Duk wanda ya taɓa kai kwamfuta gyara a Kankiya ya san Lawal Injiniya, mai shagon nan na bakin titin Kano zuwa Katsina. Ni na san shi tun ba a kiransa Injiniya. Wurin ubangida ɗaya muka koyi aiki a birnin Katsina, kuma na riga shi zuwa. Ni na nuna mashi yadda ake buɗe bayan kwamfuta ba tare da an karya ƙugiyoyinta ba. A lokacin ni ake yabo, domin hannuna ya fi nashi sauri. Kafin ya gama kallon inji ɗaya na sallami uku. Ubangidanmu ya sha ce mashi, "Lawal, kallonta kake ko gyara?" Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da kallon.

Da muka samu 'yanci kowa ya koma garinsu. Na buɗe shago a Kusada, ya buɗe a Kankiya, kuma a raina na gama yanke cewa shi ne zai riƙa aiko mani da abin da ya gagare shi. Ba haka Allah Ya tsara ba. A hankali na fara ganin mutanen garinmu, waɗanda muke salla sahu ɗaya, suna tsaye a tasha da kwamfuta naɗe cikin darduma ko zane, suna jiran motar Kankiya. Wasu sukan kawar da kai in mun haɗa ido. Wasu sukan gaishe ni da fara'a, kayan na hammatarsu. Tun daga nan kishin Lawal ya zauna mani. Ban taɓa yi mashi fatan sharri ba, Allah ne shaidata, ban kuma taɓa so a karɓe abin da aka ba shi ba. Amma ban taɓa jin an yabe shi ba tare da wani abu ya motsa mani a ƙirji ba, kuma ina rubuta wannan ne abin bai gama kwanciya ba.

Na sha zuwa shagonsa in zauna, da sunan zumunci, ina neman abin da ya fi ni da shi. Shagon bai kai nawa tsabta ba. Wayoyi ne ko'ina, da matattun injuna jere har rufi, da ɓawon goro a gefen tebur. Ba ya cika alkawarin lokaci. In ya ce gobe, mai kaya ya san jibi ne. Abin da na lura da shi kawai shi ne, ba ya taɓa kwamfutar da ta ƙi tashi sai ya zaunar da mai ita. Zai tambaye shi me yake yi da ita lokacin da ta tsaya, da wutar gari take ko da janareto, ko ta taɓa faɗuwa, ko yara na taɓa ta. Sannan ya kunna, ya kanga kunne. Yakan ce, "Ba ta yin shiru. Tana faɗin inda ke mata ciwo, mu ne muke sauri."

Wata rana ina zaune wurinsa wani mai sayar da taki daga Tafashiya ya kira shi, dattijo ne mai furfura, ya ce kwamfutar shagonsa ta ƙi kawo hoto, sai kuka take yi. Lawal ya ce, "Alhaji, yi mani irin kukan." Sai muka ji dattijon ta waya yana cewa tit, tit, tiiit. Lawal bai yi dariya ba. Ya sa shi ya maimaita, ya ce a kashe ta, a buɗe gefenta, a danna wani siririn allo da ya ɗago daga mazauninsa. Ba a jima ba dattijon ya sake kira yana sa albarka. Ni ma na san ma'anar wannan kukan, tare aka koya mana. Amma ni da cewa zan yi a ɗauko ta a kawo, kuma babu dattijon da zai yarda ya yi mani kukan kwamfuta a waya.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne kirkinsa. In mutumin Kusada ya kai mashi aiki, yakan ce, "Kun baro Sabi'u a ƙofar gidanku kun sha rana. Tare muka koya, shi ya fara nuna mani." Wasu sukan dawo su ajiye mani kayan su ce, "Lawal ya ce in kawo maka." Sai in karɓa in yi godiya, ina jin kamar sadaka aka miƙo mani. Abu ɗaya na riƙe ina jin sanyi da shi: bai iya firinta ba. Duk wadda aka kai mashi sai ya ɗora ta a mota ya aiko mani, ya kira ya ce, "Mutumin Kusada, ga abokiyar gabata nan tafe." Na daɗe ina lallashin kaina da wannan.

Ranar da ba zan manta ba ta zo ne ta cikin gidana. 'Yata Rukayya tana shekarar ƙarshe a kwaleji, ta dawo gida tana ƙarasa firojet ɗinta na kammala karatu. Duk aikin yana cikin laftof ɗin da na saya mata, ba ta kwafe shi ko'ina ba. Ana saura ƙasa da mako ta miƙa, laftof ɗin ta ƙi tashi. In an kunna sai ta kawo tambari, ta yi ta juyi, fuskarta ta koma shuɗiya, ta mutu, ta sake kunna kanta. Na kai ta shago na yi duk abin da na sani. Na cire batir, na hura fanka, na goge ram, wato siraran allunan nan biyu da kwamfuta ke riƙe aiki da su in tana kunne, na mayar da su. Na gwada tayar da ita ta filash, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka mata a gefe, nan ma ta faɗi. Ma'ajiyarta ta ciki, inda aikin yake, irin sabuwar nan ce 'yar ƙarama, ba ni da mahaɗin da zan karanta ta a wani inji. Daga ƙarshe na yanke cewa sai an yi mata fomatin, a goge komai a sake zubi.

Na faɗa ma Rukayya bayan la'asar, a tsakar gida, mahaifiyarta na tankaɗe. Na ce ta tattaro 'yan takardun da ta fara rubutawa da hannu, zan taya ta bugawa. Idonta ya ciko. Sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, kafin ka goge, ko mu kai ma Baba Lawal ya gani?"

Mahaifiyarta ba ta ɗago kai ba, amma rariyar ta tsaya. Baƙi sun wuce ni sun tafi Kankiya na jure, maƙwabta sun wuce ni na jure. Wannan kuwa yarinyar da na yi wa huɗuba ce. Na so in ce a'a. Na dubi fuskarta na ga karatun shekaru ne zai salwanta, sai na ce ta shirya da safe.

A babur muka tafi, tana bayana rungume da jakar. Lawal ya tarbe mu, ya share mata benci, ya aika a sayo mata fura da nono wurin matan da ke zama gefen tasha. Ya kunna laftof ɗin ya kalli yadda take faɗuwa, ya bar ta ta sake. Sannan ya ce in faɗa mashi duk abin da na yi. Na zayyana, ina kallon titi. Da na zo kan fomatin ya girgiza kai ya ce, "Abin da ba kai ka rubuta ba, kada ka yi saurin goge shi." Sannan ya ce, "Ka ce ko ta filash ta ƙi?"

Na ce, "Ta ƙi."

Ya ce, "To ai ka gama aikin, Sabi'u. In ta filash ma tana faɗuwa, ciwon ba a ma'ajiya yake ba. Ram ɗin da ka goge, tare ka mayar da su?"

Na ce tare.

Ya miƙo mani sukundireba ya ce in buɗe. Na buɗe. Ya ce in cire ram ɗaya in bar ɗaya. Na yi haka, na kunna. Ta faɗi. Na musanya su, na danna. Tambari ya fito, ya yi juyinsa, sai ga hoton da Rukayya ta ɗora a fuskar laftof ɗin, ga firojet ɗinta a gefe inda ta bar shi. Ɗaya daga cikin allunan ne ya lalace, shi ke kayar da ɗan'uwansa. Abu ne da nake koya wa masu koyo. Rukayya ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Lawal ya ce mata, "Babanki ya gano, ni tuna mashi kawai na yi. Maza kwafe aikinki a wuri biyu kafin ki sha furar nan."

Ta gode mashi, ta gode mani. Amma 'yar mai gyara ce, a shago ta girma, ta san wanda ya gano. A hanyar komawa, da muka kusa gari, ta ce, "Baba Lawal na da kirki." Na ce ƙwarai. Da aka ɗaure firojet ɗin ta kawo mani, na buɗe shafin godiya na ga sunayenmu a layi ɗaya. Abin da na fara dubawa shi ne na wa ya zo farko. Nawa ne. Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.

Ranar jana'iza mutane suka cika ƙofar gidansu har suka tare hanya. Malaman makaranta, masu shagunan buga takardu, ɗalibai, direbobin tasha, manoma daga Sukuntuni da ban san me ya haɗa su da shi ba sai daga baya na ji shi ke saita masu waya ba ya karɓar komai. Na ga fuskokin Kusada da yawa a sahu. Ina tsaye ina yi mashi addu'a da zuciya ɗaya, hawaye na zuba, kuma a cikin wannan halin tunani ya zo mani ko ni zan samu rabin wannan taron. Na nemi tsari na ci gaba da addu'a. Na kama makara, na sa hannu aka saka shi a kabari.

Bayan an share makoki, mai ɗakinsa Malama Binta ta sa Musa ya kira ni. Ta yi magana daga bayan labule, ta ce akwai kayan mutane a shago, tana so a sallame su kada nauyi ya bi shi. Muka buɗe ni da Musa. Yawanci ya gama su, sai miƙawa. Guda ɗaya ce a tsakiyar tebur a buɗe, kusoshinta a cikin murfin kwalba, ta wata malamar asibiti. A kanta ciwon ya same shi. Na kunna, fanka ta juya, fuska baƙa ƙirin. Na tafi da ita Kusada.

Ta ba ni wahala. Wannan karon ban yi sauri ba. Na kira mai ita na yi mata tambayoyi, na bi layukan wuta ɗaya bayan ɗaya, har na iske wani ɗan ƙaramin abu da ya ƙone kusa da inda caja ke shiga, wanda ido ba ya gani sai da gilashi. Na canza shi, na danna, ta tashi. Na miƙe tsaye a shago ni kaɗai. Shekara da shekaru ina jiran ranar da zan gyara abin da ya gagari Lawal.

Da na mayar da ita na tambayi Musa ko yayansa ya daɗe a kanta. Ya ce bai sani ba. Na sa ya tambayi Malama Binta ko ya taɓa ambaton wata kwamfuta da ta ƙi shi. Ta ce ba ya kawo maganar aiki gida. Mai ita ta ce ba ta tuna ranar da ta kawo ba. Har yau ban sani ba ko gagararsa ta yi, ko kuwa buɗe ta kawai ya yi ciwon ya kayar da shi. Mutum ɗaya ne zai iya faɗa mani, kuma na san ko yana nan cewa zai yi ta gagare shi, don in ji daɗi.

Ya Allah, ga bawanka Lawal ya zo gare Ka. Ka gafarta mashi, Ka yi mashi rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa haƙurin da ya yi da mutane da amanar da ya riƙe masu su zama nauyi a mizaninsa. Ka ba Malama Binta da Musa da sauran dangi haƙurin rashinsa, Ka raya 'ya'yansa bisa tafarkin gaskiya, Ka zama gatansu. Ka ba shi matsayi a Aljanna wanda ya fi duk abin da ya samu a nan, Ka wanke zuciyata har in yi murna da hakan. Mu da muka rage, in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.