Ƙugun Hagu na Inna

Mu bakwai Inna ta haifa, kuma dukanmu a ƙugunta na hagu muka girma, don hannun dama na awo ne a shagonta na kayan masarufi. Yanzu ni ke riƙe da shagon. Ita kuwa ciwon ƙugu ya zaunar da ita, ko bokitin alwala sai an ɗauko mata.

Autarmu tana aure a nesa. Ta haifi 'ya mace wadda Inna a waya kawai take gani. Da Auta ta ce za su zo, buri ɗaya Inna ta sa a gaba: ta saɓa jikar nan a ƙugu kamar yadda ta saɓa mu.

Na lissafa kwalaben man zafin da muka ƙarar a ɓangaren dama, inda take jin ciwon. Goma sha ɗaya. Na ce a'a, na kai ta wurin wata mai gyaran ƙashi.

Matar ta tsaya a bayan Inna, ta ɗora manyan yatsunta kan 'yan ramukan nan biyu na ƙasan baya.

"Sunkuya a hankali, Mama."

Ina kallo yatsan hagu ya riga na dama hawa. Ta kwantar da ita, ta haɗa idon sawunta ta gwada.

"Hagu ne ya cije, ba ya motsi," ta ce. "Dama ke aikin biyu, shi ya sa take kuka."

"To, ashe mai gaskiya muke ta shafa wa mai, ɓarawo yana kwance," in ji Inna.

"Wa kika ɗora a nan haka?"

Inna ta nuna ni da baki. "Wannan ƙaton ya fi daɗewa."

Aka yi ta dannawa ana sassautawa, aka ba ta motsa jiki. Na cika mata jaka da yashi daidai nauyin yarinyar, kullum da safe ta saɓa ta zagaya tsakar gida. Ranar da ta zagaya ba ta dafa bango ba, da kanta ta kira Auta ta bidiyo.

Auta ta ce mijinta bai samu hutu ba, sai baɗi. A bayanta muka hango yarinyar tana gudu da ƙafafunta.

Inna ta daɗe tana kallon wayar.

"Kilo nawa take yanzu?"

Auta ta faɗa. Inna ta miƙo mini jakar.

"Ƙaro yashi," ta ce.