Sannu ta Shekara Bakwai

A sashen masu ciwon damuwa babu mai kiranta da sunan yanka. Anti Sannu kowa ke ce mata, har maigadi, har mijinta idan yana neman tsokana. Shekara ashirin da uku tana aikin jinya a ɗaki na ƙarshe, mai kujera biyu da fanka mai ƙara kamar injin niƙa. Kafin mutum ya gama faɗin abin da ya kawo shi ta jera masa sannu biyar, kuma har zuci take yi. Ita ce babba a gidansu, ta raini ƙanne shida, ta yi jinyar mahaifinta har ya cika a hannunta. Abin da ta taso da shi guda ne: wurin da ke ciwo ba a taɓa shi.

Da wannan ta riƙe wani majinyaci da ake kira Direba shekara bakwai. Motar ma'aikata yake ja, wata safiya taya ta fashe, motar ta wuntsila, mutum biyu suka rasu. Shi ko ƙwarzane bai samu ba, amma tun daga ranar, da zarar ya ji an tada mota kusa da shi sai jikinsa ya ɗauki rawa. A ƙafa yake zuwa asibiti, tafiyar awa biyu. Kowane wata maganar Anti ɗaya: "Kada ka matsa wa kanka, ɗan'uwa. Ka kauce wa tasha, ka daina tunawa. A hankali zai wuce."

Bai wuce ba. Ga shi yanzu mahaifiyarsa tana kwance a garinsu, tafiyar yini guda a mota. Kullum ƙanwarsa sai ta bugo waya: "Yaya, kai take ta kira."

Ana cikin haka aka turo sabuwar likita, sa'ar 'yar Anti ta fari. Ta duba fayil ɗin Direba, ta ce cikin ladabi, "Anti, binciken da aka yi kwanan nan ya nuna kauce wa abin tsoro shi ke ciyar da tsoron. A kusanta mutum da shi kaɗan-kaɗan, yana tsayawa har faɗuwar gaban ta lafa da kanta."

Ran Anti ya ɓaci ƙwarai. Yarinyar da ko rigar aikinta ba ta koɗe ba!

"Ranki ya daɗe, mutum ne fa, ba takarda ba. A ina kika ga wannan?"

"A wata mujalla. Akwai irinta a kabad ɗin ofishin Shugaba."

Anti ta san kabad ɗin. Mai gilashi ne, a kulle, mujallu jere a ciki ko ledarsu ba a ɓare ba. Shugaban sashe a gabansa yake tsayawa idan za a ɗauki hoto da baƙi. Kwana uku tana bin mabuɗin, don ta karanta ta ƙaryata yarinyar nan. Ta karanta a tsaye, ta koma ta zauna ta sake karantawa. Sai ta duba bangon mujallar ta ga shekara. Shekara uku ke nan mujallar tana nan, taku goma daga ɗakinta, ita kuwa tana can tana rabon sannu.

Ta faɗa ofishin ba sallama. "Ranka ya daɗe, ado muka saya ko magani?"

"Anti, idan na buɗe sai su ɓace."

"Gara su ɓace a hannun mai karantawa!"

Ta bugo ƙofar har labule ya faɗo. Amma fushin da ya fi cin ta ba na Shugaba ba ne. Ita ma shekara ukun nan tana wuce kabad ɗin safe da yamma, ba ta taɓa tambaya ba.

A bayan asibitin akwai tsohuwar motar ɗaukar marasa lafiya, babu taya, an ɗora ta kan bulo. Can ta kai Direba, likita tana biye. Ranar farko taku ashirin ya tsaya daga motar, gumi ya jiƙa masa riga. Sannu ta zo mata har leɓe, ta haɗiye.

"Tsoron nawa ne cikin goma?"

"Goma, Anti. Mu koma."

"Ba inda za mu. Tsaya ka kalle ta."

Ta tsaya a gefensa. Bayan rabin awa ya ce bakwai. Mako na biyu ya taɓa ƙofa. Na uku ya zauna a kujerar direba ya yi kuka kamar ransa zai fita, ta bar shi ya yi. Na biyar mijinta ya zagaya da su harabar asibiti a motarsa, yana ta surutun ƙwallo. Na shida ta raka Direba tasha da kanta, ta tsaya har motar ta ɓace.

Bayan kwana goma ya shigo ɗaki na ƙarshe ya zauna. A mota ya zo, takalminsa babu ƙura.

"Ka same ta?"

"Na same ta da rai, Anti. Na riƙe hannunta, ta dube ni ta ce wa ƙanwata, wane ne wannan baƙon? An ce wata huɗu da suka wuce tana gane kowa." Ya juya hularsa a hannu. "Mako shida kawai ashe. Me ya sa ba mu yi tun tuni ba?"

Ba da faɗa ya tambaya ba, abin da ya fi ƙona ta ke nan. Ta buɗe baki, kalmar nan da ta saba ta ƙi fitowa.

"Ban karanta ba," ta ce. "Yana nan kusa da ni, ban karanta ba."

Da ya tafi ta nufi ofishin Shugaba, ta kwaso mujallun duka a ƙirjinta, ta zube su kan teburin ɗakin shan shayi. Ta zauna tana yage ledojin ɗaya bayan ɗaya. Marasa lafiya goma sha ɗaya ke jiran ta a benci, kuma ta san abin da ta daɗe tana faɗa wa kowannensu.