Sabon Birki da Ƙwan Zabin Surukina

Na daɗe ina riƙe da sitiyari, kuma na ga abubuwa da yawa a hanya, wasu ma da gangan na manta da su. Amma ranar da na ɗauki mahaifin matata daga Kontagora zuwa Dukku, tun kafin ya yarda ya zama surukina, ko tsufa ya kai ni inda zan manta lambar motata, ita wannan rana tana nan daram.

A lokacin ina jan wata tsohuwar mota 'yar Kwatano, ina lodi daga tashar Kontagora zuwa ɓangaren Rijau. Injinta lafiya lau, ba ta da shan mai, sai dai birkinta yana da nasa halin. In ka taka sau ɗaya, ƙafarka za ta tafi har ƙasa kamar ka taka burodi. Sai ka ɗaga ka sake takawa, ka ɗaga ka sake, a na uku ne motar za ta ji maganarka. Mu direbobi famfo muke kiran wannan. Shekara huɗu ina yin sa, har ƙafata ta haddace, ba ta jiran umarnina. Kuma gaskiya ban ɗauke shi matsala ba, har alfahari nake yi a tasha cewa motata ba ta jin maganar kowa sai mai ita.

Akwai wata tela da ke da shago kusa da tasha. Na kai mata wando ta rage mini tsawo, bayan kwana biyu na kai wani wandon da babu abin da ya same shi, sannan na kai riga. A karo na huɗu ta ce in ina da magana in faɗa, kafin in ƙarar da tufafina. Na faɗa, ta kuma amsa. Abin da ya rage shi ne mahaifinta, wani dattijo manomi a Dukku ta wajen Rijau, wanda aka ce mini ba ya faɗa, ba ya kuma sauya magana.

Wata Laraba ta kira ni shagonta ta ce, "Baba yana gari, ya zo gaida Goggo. Bai ce a'a ba, amma ya ce shi ba ya sanin direba sai ya shiga motarsa. Ran Asabar zai koma gida, kai za ka kai shi. Kuma ya ce ka yi lodinka kamar kullum, kada ka ɗauke shi shi kaɗai."

Ta bayyana mini cewa a wurinsu, a da, mai neman aure shekaru yake yi yana noma a gonar surukinsa, a nan ake ganin halinsa. Shi Baba ya ce fartanya ba sana'ata ba ce, don haka a motata zai duba ni. Na fito daga shagon ina murmushi, amma kafin in kai bakin titi sai na tuna famfona. Na hango dattijon nan a kujerar gaba yana kallon ƙafata tana rawa sau uku kafin mota ta tsaya.

Washegari na je shagon wani mai kayan mota na ce ina son fad, wato takalman nan da ke matse faifan taya in an taka birki, kuma wanda ya fi kowane kyau nake so. Ya dube ni, ya shiga can ciki, ya fito da wani jan kwali yana share masa ƙura. Ya ce wannan ba na kowa ba ne, irin wanda masu tseren mota ke sawa ne a ƙasashen waje, wani matashi ne ya sa aka kawo masa, daga baya ya sayar da motar. Da ya faɗi kuɗin sai da na zauna. Amma mai neman aure ba ya jin tsada, na saya.

Bakanikena yana bayan tasha, mutum ne mai yawan shiru da tsotsar haƙori. Ya juya kwalin, ya tsotsi haƙori, ya ce ai matsalata ba fad kaɗai ba ce, robar masta ce ta mutu, wato abin da ke tura man birki in an taka, kuma iska ta cika layin man. Ranar Juma'a ya canza robar, ya zuba sabon man birki, ya cire iskar, ya ɗaura jan fad ɗin. Da ya gama ya ce, "Malam, ka saurare ni. Wannan abin da ka sayo, in yana da sanyi kuka yake yi kuma ba ya kamawa sosai, in ya yi zafi kuma ba ya wasa. Yanzu ka fita hanyar da ba kowa, ka yi ta gudu kana takawa kamar sau goma ko fiye, shi ya zauna a kan faifai, ita kuma ƙafarka ta san shi."

Na ce to. Amma ban je ba. Na ga kamar ni da na yi shekara da shekaru a kan hanya, ba sai an koya mini taka birki ba. Sai na ɓata yammacin ina wanke mota, na goge tayoyi har suna sheƙi, na sayi turaren nan da ake ratayawa a madubi, na ɗinke inda kujerar gaba ta yage.

Ran Asabar da safe Baba ya iso tasha cikin farar riga da hula, gajere ne, siriri, da idanu irin na mutumin da ya saba duba hadari. Na durƙusa na gaishe shi. A hannunsa akwai ƙwarya cike da ƙaiƙayi, a ciki an jera ƙwan zabi. Ƙanwarsa ce ta ba shi, na wani iri mai kyau, zai sa wa kazarsa ta kwanta a kai. Na ce ya kawo in sa a but, ya ce a'a, ƙwan da za a ƙyanƙyashe ba ya son girgiza, a cinyarsa zai riƙe. Na roƙe shi ya ɗaura bel, ya ce shi ba akuya ba ne da za a ɗaure, amma ya bari na ɗaura masa. Har yau ina gode wa Allah da wannan.

A baya akwai fasinjoji uku, cikinsu da wata Inna mai sayar da daddawa, wadda kusan kowane mako take bi na. Ba ta san waye dattijon ba, ni kuma ban faɗa mata ba.

Tun a ƙofar tasha birkin ya fara kunyata ni. Na ɗan taɓa shi kawai, sai ya saki wata ƙara siririya mai shiga haƙori, har masu lemo suka waiwayo. Kowa a nan ya san in birki na irin wannan kuka, to fad ya ƙare, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Baba ya juyo a hankali, da Hausarsa irin ta mutanen Dukku, wadda ba ta gaggawa.

"Direba, wannan kukan na mene ne?"

"Sabo ne, Baba."

"To. Mu a wurinmu tsoho ne ke kuka." Ya mai da idonsa kan hanya.

Muka fita gari. Damina ce, dawa da masara sun yi kore shar dama da hagu, hanya kuwa ramuka ne kamar an shuka su. Kowane rami sai na rage gudu, kuma da yake hankalina na kan ƙafata, a hankali nake taɓawa, mota tana bi na yadda nake so. Kukan ma ya fara raguwa. Ban san cewa zafi fad ɗin yake ɗauka ba. Ni dai na ga abu ya yi kyau, na saki jiki, har na fara yi wa Baba hirar taki da farashin wake, don ya san ni ma ba baƙon gona ba ne.

Muna dab da Tungan Magajiya, ina tsakiyar bayani, hannuna ɗaya a sama, sai wani jan bunsuru ya faɗo titi daga cikin ciyawa. Ban yi tunani ba. Ƙafata ce ta yi abin da ta saba shekara huɗu, ta kai wa birki takun farko na famfo da dukkan ƙarfinta, takun da a da ba ya yin komai. Motar ta kafe wuri ɗaya, tayoyi suka yi ƙara. Fasinjojin baya suka taho suka rungumi kujerunmu. Bel ya riƙe Baba, amma babu abin da ya riƙe ƙwarya.

Ana cewa ƙwan zabi tauri gare shi, to ranar na ga iyakar taurinsa. Gilashin gaba ya koma rawaya. Ƙaiƙayi ya tashi ya sauko mana a kai. Farar rigar Baba, daga wuya har gwiwa, gwaiduwa ce ke gangarowa, hularsa kuma tana kan giyar mota. Bunsurun ya tsaya a gaban mota, da sauran tazara mai yawa tsakaninmu, ya dube mu, ya wuce abinsa.

Na kashe mota. A zuciyata na ce shi ke nan, aure ya tafi. Ina neman kalmar da zan fara ba da haƙuri da ita, sai Inna mai daddawa ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Kai ɗan nan, yau ina famfon naka? Mu da muka saba, in muka ga abu a hanya sai mu ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan mu riƙe kujera. Yau ko ɗaya ban kai ba."

Sauran fasinjojin suka fashe da dariya. Baba bai yi ba. Ya ɗauki hularsa, ya kakkaɓe, ya juya baya ya tambaye ta ko ta daɗe tana shiga motar nan. Ta ce shekara huɗu, kuma tun ranar farko haka birkin yake, sun saba, Allah ne dai ke kiyayewa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Muka gangara gefen wata rijiyar burtsatse, matan da ke ɗiban ruwa suna ta rufe baki da mayafi. Na wanke gilashi, Baba ya wanke abin da zai wanku a rigarsa. Ya tona ƙaiƙayin da ya rage, ya sami ƙwai uku da ba su fashe ba, ya naɗe su a hularsa. Ni kuma na cire takalmina na ajiye a ƙarƙashin kujera, na ƙarasa tafiyar da ƙafa tsirara don in riƙa jin birkin da tafin ƙafata. A haka muka isa Dukku.

A ƙofar gidansa ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo mini ruwa. Na durƙusa na faɗa masa komai, jan kwalin, gargaɗin bakanike, da yadda na tsaya goge taya.

Ya ce, "Yaushe ka gyara birkin?"

"Jiya, Baba."

"Saboda ni?"

Na sunkuyar da kai na ce e.

Sai ya ce, "Ƙwai ba komai ba ne, zabuwa za ta sake yi. Amma mutanen da ka yi shekara huɗu kana ɗauka, su laifinsu shi ne ba su da 'yar da kake so?"

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ya ce ba zai hana ni ba, ba zai kuma ba ni yanzu ba. Daga yau har a gama girbi zai riƙa aiko mutanensa su shiga motata, ba zan san su ba, kuma abin da suka kawo masa da shi zai yi aiki.

Watannin nan na sha wuya, amma in na tuna yanzu dariya nake yi. Duk tsohuwar da ta shigo sai in ce wannan ce. Bafulatani ya zo da sandarsa, in ce lallai shi ne. Malamar coci, ɗan kasuwa, mai ciki da za ta asibiti, kowa ɗan aiken Baba ne a idona. Na daina cusa mutum biyu a kujerar gaba. Kowace safiya sai na duba man birki da iskar taya. Na koma wurin bakanike na yi abin da ya ce tun farko, ya tsotsi haƙori. Abokaina a tasha suka sa mini suna Direban Ƙwai, wasunsu har yau da shi suke kira na.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Sai ranar sunan ɗanmu na fari, da na ga Baba cikin raha, na matsa kusa na ce ya taimaka ya faɗa mini su waye ya yi ta aikowa, don na zargi mutane da yawa. A ranar na fara ganin haƙoransa duka.

"Ni wa zan aika? Da damina kowa na gona. Ban aiki ko mutum ɗaya ba. Labarin direba ai ba ya bukatar ɗan aike, da kansa yake zuwa kasuwa."

Abin da na koya ke nan, kuma a wurin mutumin da bai taɓa riƙe sitiyari ba. Birki ana canza shi a wuni ɗaya, amma ƙafar da ta saba da sakaci sai an ba ta lokaci an sake koya mata. Sannan gyaran da ka san ya kamata, kada ka jira sai ranar da wanda kake jin kunya zai shiga motarka. Duk wanda ya zauna a bayanka ya ba ka amanar ransa, kuma akwai wanda ke jiran sa a gida.