Filon da na ɗinka wa jikana

Da 'yata ta fari ta haihu, mijinta ya ce ba za ta zo gida wanka ba, shi yana aiki Abuja, ba mai dafa masa. Sai ni na tattara na bar Zariya na tafi Suleja, gidan hayarsu a Kurmin Sarki, ɗakuna a jere kowa na jin tarin kowa. Na tafi da kanwa da kayan yaji, da wani ɗan filo mai laushi da na cusa wa auduga da hannuna saboda jaririn.

Na tarar an riga ni. Maƙwabciyarsu, wata malamar firamare 'yar wajen Jos, ita ce uwar ɗaki. Komai sai a ce Malama ta ce. Ni kuwa, da yake ita 'yar fari ce, ko sunanta ban taɓa kamawa ba, hira ma sai ta gefe. Amma Malama ta ɗaga labule ta kira sunan nan gatsau, su zauna bakin gado suna ƙyaƙyata dariya har da tafawa. Ina tsugune ina hura wutar ruwan wanka, hayaƙi na cin idona, kishi na cin raina. Ba zan ɓoye ba, kishi ne.

Rigimarmu a kan kwanciyar yaro ta tashi. Ni rub da ciki na saba kwantarwa, kan abu mai laushi, a lulluɓe da zannuwa, kaskon garwashi a gefe. Haka barci ke nauyi, ƙeya kuma ba ta bajewa. Ran nan da hantsi na gasa masa cibi, na kwantar da shi yadda na iya, sai ga Malama.

“Ayya Mama, abeg kar ka sa shi haka,” in ji ta, da Hausarta mai mayar da mace namiji. “A baya zai kwanta. Cire filo, rage zani, wuta kuma a fita da shi. Yayata nas ne, ya ce yara na mutuwa a barci in hanci ya toshe.”

Na ce, “'Yar nan, na yi goyo tun kina tatata.”

Ta yi dariya ta fita. 'Yata ta jira na juya baya, ta birkita yaron ya koma rigingine, ta zare filon ta ɗora kan akwati. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Haka muka yi ta yi, in kife, ta birkice. Har na fara ƙirƙiro wa Malama aibu, wai muryarta na firgita yaro, wai turarenta ya cika ƙarfi. 

Wata rana da la'asar 'yata ta shiga wanka, ɗakin ya rage daga ni sai jaririn. Na ɗauko filon, na ce bari dai in ƙaryata matar nan. Na kifa fuskata a ciki kamar yadda nake kifa ta jaririn. Audugar ta rufe mini hanci da baki, numfashina ya dawo mini da zafi, ban daɗe ba na ɗago ina haki. Ni ke nan, mai wuyan ɗagawa. Na dubi nasa wuyan, wanda ko kansa bai iya riƙewa.

Na shimfiɗa zani ɗaya a kan katifa, na ja shi ya miƙe sosai, na kwantar da shi rigingine, na rufe shi iya ƙirji. Kaskon na kai tsakar gida.

'Yata ta shigo jiƙe, ta tsaya tana kallo. Na ga fuskarta ta washe, na gyara zama, na ce yau dai ni za a duba. Sai ta juya ta leƙa ƙofa.

“Malama! Zo ki gani, Inna ta ji maganarki!”

Malama ta taho da gudu, suka rungume juna a kan jikana, ana ta “na gode, Allah Ya bar zumunci.” Na so in ce ba maganar kowa na ji ba, da hancina na gwada saboda ɗanki. Amma ba a yi wa 'yar fari irin wannan magana. Na tashi na ce kununa zai kama, na fita na bar musu ɗakin.