Ƙafar Baba Isiyaku

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da Baba Isiyaku ya zauna a gabana a ofis, ya sa bayan hannu ya ture takardar da na miƙa masa, ya ce shi bai tsallako teku don ya ci sadaka ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku saurara, don irinsa za su zauna a gabanku.

A lokacin ina sashen kula da ma'aikata na wani kamfani a Sterling, kusa da filin jirgin sama, wanda motocinsa ke kai fasinjoji da ma'aikatan jirgi otal-otal. Ni ce jami'ar inshora da haƙƙoƙin ma'aikata. Ranar da aka ɗauki mutum aiki, wurina ake turo shi yana washe baki. Ranar da aka sallame shi, wurina dai zai dawo ido ya yi ja. A ƙarshen watan Maris na waccan shekarar muka rasa babbar kwangilarmu, aka sallami direbobi da dama, har da Baba Isiyaku.

Mutumin Zariya ne, shekararsa sittin da shida, malamin makaranta ne a gida kafin ya zo nan ya kama tuƙi. Ni kuwa Rifkatu 'yar Kafanchan ce, Kirista, girman Kaduna. Ranar da ya fara jin ina waya da Hausa sai ya tsaya cak a bakin ƙofa ya ce, "Ashe 'yar gida ce!" Tun daga nan ya mai da ni 'yarsa. Kullum sai ya tsokane ni cewa Hausata ta bakin kasuwa ce, ni kuma in ce masa ai Zage-zagi komai sai sun yi gyara. Kowa a kamfanin ya san yana da ciwon suga, don da bakinsa yake faɗa duk ranar da aka yanka kek.

Bari in yi wa waɗanda ba su san aikin ba bayani. A ƙasar nan, inshorar lafiyar yawancin mutane a jikin aikinsu take rataye. In aiki ya tafi, akwai dokar da ake kira COBRA, wadda ta ba mutum damar riƙe inshorar kamfanin har wata goma sha takwas, shi da iyalinsa, amma daga aljihunsa zai riƙa biya, kuma da tsada. Akwai kuma inshorar gwamnati ta waɗanda suka kai sittin da biyar, wato Medicare. Mai aiki yana iya jinkirta shigarta. Amma daga ranar da aiki ya ƙare, wata takwas yake da su ya yi rajista. Riƙe ta kamfani ba ya tsayar da wannan wa'adin, kuma a nan ne mutane suke faɗawa rami. In ya wuce, sai mutum ya jira a sake buɗe ƙofa a wata shekarar, sannan a ɗora masa tarar da za ta bi shi har ƙarshen rayuwa. Wani abin kuma, a tsarin kamfaninmu, wanda ya cancanci ta gwamnati ana biya masa ne kamar ya riga ya shiga, wato ragowa kawai ta kamfani ke ɗauka. Ga mai ciwon suga wannan ba abin wasa ba ne.

Ranar sallama na yi wa Baba duk wannan bayanin. Ta kamfani ko gardama bai yi ba, nan take ya sa hannu, shi da matarsa. Ta gwamnati kuwa ya ce zai duba. Bazara ta zo, na kira shi, ya ce yana dubawa. Na sake kira, muka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya, ya sa min albarka, ya ajiye waya ban samu ko ƙofar shiga maganar ba.

A watan Satumba ya zo da kansa, riƙe da bil, wato lissafin kuɗin likita, da inshorar ta ƙi biyan mafi yawansa. Na ce, "Baba, ai abin da nake ta faɗa maka ke nan. Ga takardar, ka je ka yi rajista, ƙarshen Nuwamba wa'adinka zai cika." A nan ne ya ture ta.

"Baba, wace sadaka?" na ce. "Duk albashin da ka karɓa a ƙasar nan sai da aka cire kuɗin nan. Adashi ne ka daɗe kana zubi, yanzu kwasarka ta zo, sai ka ce ba ka so?"

Ya yi dariya ya ce, "Rifkatu, bakin nan naki ya fi reza. A bar wa marasa hali. Ni ina da tawa."

"Taka ɗin ce ga shi ta ƙi biya."

"Allah zai rufa asiri."

Ya tashi ya fita yana ɗan ɗingishi, na ɗauka zaman kujera ne. Raina ya ɓaci sosai. Na ce a zuciyata, girman kai ne irin na dattawanmu, mutum yana nutsewa yana gyara hula.

Na kai maganar gaban shugabar sashenmu, wata Ba'amurkiya mai kirki amma mai tafiya a kan layi. Ta ce, "Mun aika masa wasiƙa?" Na ce mun aika. "Kin yi masa bayani baki da baki?" Na ce har na gaji. Ta ce, "To babban mutum ne, zaɓinsa ne. Ki rufe fayil ɗin." A ƙa'ida gaskiyarta ce. Ku sani kuma, mu a ofis ba ma ganin ciwon kowa. Doka ta hana kamfani sanin abin da ma'aikaci ko iyalinsa ke zuwa yi asibiti, kuma ba mu da ikon tambaya. Na ce mata ina so in je gidansa. Ta dube ni kamar na ce zan tafi duniyar wata, sannan ta ce ranar hutuna tawa ce, amma kada in tambayi lafiyar kowa da sunan kamfani. Na yi mata alkawari. Ban tsaya yi mata bayanin cewa a wurinmu babbar magana ba a waya ake gama ta ba, sai an taka da ƙafa.

Wata Asabar a farkon Nuwamba na biya shagon kayan gida da ke unguwarmu a Wheaton, na sayi kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, na kama hanyar Sterling. Baba ya yi murna ƙwarai, amma bai tashi ba. Yana zaune a falo, ƙafar dama cikin safa mai kauri, ya ɗora ta a kan matashi. Ɗakin yana ta ƙamshin turaren wuta, har ya yi yawa. Ya ɗaga murya ya ce, "Ga 'yarki ta zo," don ban taɓa jin ya kama sunan matarsa ba.

Hajiya Asabe ta fito. Sau ɗaya na taɓa ganinta, a wani suna, mace cikakkiya mai fara'a. Yanzu ta zube, zanen ma kamar a jikin sanda aka ɗaura shi. Ta sa hular ulu a ƙarƙashin ɗankwali, kuma babu gashin gira ko ɗaya a fuskarta. Muka gaisa, kowa ya ce lafiya lau.

Na bi ta kicin da sunan taya ta aiki. Ban tambaye ta komai ba, na riƙe alkawarina. Tana wanke shinkafa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kin gan ni ko? Ciwon daji ne, a mama. Tun kafin a sallame shi aka gano. An yi aiki, yanzu kemo nake yi, maganin dajin nan da ake sawa a ƙarin ruwa. Ban da yaranmu babu wanda ya sani."

Na ce, "Sannu Mama. Allah ya ba da lafiya."

"Amin. Ni nawa da sauƙi, likitocina suna ƙoƙari. Na babanki ne ya hana ni barci. Ciwo ne ya fito masa a yatsa tun bazara, ya ƙi warkewa. Tun da aka aiko masa da bil ɗin nan ya daina zuwa asibiti, sai zuma da man zaitun. Turaren da kika ji, don wari yake sawa. In na yi magana sai ya ce in ji da kaina."

"Mama, kin san dalilin da ya sa ya ƙi shiga ta gwamnati?"

"Ina zan sani? Ranar da zai je har ya shirya takardunsa, ya ce bari ya yi Juma'a tukuna. Da ya dawo daga masallaci sai ya mayar da su durowa. Wai wani ya ba shi labarin abin da ya faru da shi. Ban ji labarin ba."

Ni kuwa na san labarin ko ba a faɗa min ba, don na sha jinsa. Gaskiya ne, wanda ya fara karɓar ta kamfani sannan ya shiga ta gwamnati, ana iya yanke masa ta kamfanin. Wanda ya riga ya shiga ta gwamnati kafin sallama ne ke iya riƙe biyun tare, gwamnati ta fara biya, kamfani ya cika. Wannan rabin aka ba Baba a ƙofar masallaci. Ɗaya rabin shi ne, tasa kaɗai za a yanke. Matar tana da nata haƙƙin mai zaman kansa, tata za ta ci gaba har ƙarshen wa'adi. Shi kuwa ya ɗauka ranar da ya sa hannu a ta gwamnati, ranar za a cire wa Hajiya ƙarin ruwa a kore ta daga wurin likitocinta. Kuma ba zai iya zama gaban yarinyar da ya ɗauka 'ya ya buɗe baki ya ce matarsa tana da ciwo a mama ba. Maganar sadaka mayafi ce kawai. Na jingina da firij, idona ya cika da hawaye, tausayi da haushi suka haɗu min wuri guda.

Na wanke fuska na koma falo, na durƙusa gefen kujerarsa. Ban ambaci ciwon kowa ba.

Na ce, "Baba, akwai abin da ya kamata ka sani. In ka shiga ta gwamnati, taka ta kamfani ce kaɗai za ta tsaya. Ta Mama ba za ta motsa ba. Katinta, asibitinta, likitocinta, duk suna nan yadda suke. Abin da kake biya duk wata ma raguwa zai yi, tun da na mutum ɗaya ne."

Carbin da ke hannunsa ya tsaya.

"Sake faɗa."

Na sake faɗa.

"Ba lallashina kike yi ba, Rifkatu?"

"Baba, aikina ke nan. Ranar Litinin zan sa a rubuto maka a takarda, da sunanta ita kaɗai a kai."

Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya shafa kansa. Ya ce a hankali, "Inna lillahi. Ashe duk a banza." Sai ya ɗaga murya wajen kicin ya ce: "A ɗauko min takardun nan da ke durowa."

Na ce takardu sai Litinin, ƙafa kuwa yau. A motata na kai shi sashen gaggawa, yana ta mitar cewa tuƙina na 'yan koyo ne. Da ma'aikaciyar jinya ta zare safar nan, sai da na kau da kai. Suka kwantar da shi nan take. A makon aka yi masa rajista, wa'adin bai cika ba, babu tara. Ɓangaren inshorar gwamnati mai biyan kwanciya asibiti ma yakan waiwaya baya ya biya na kafin rajista ga mai shekarunsa, don haka ya ɗauki kuɗin kwanciyar. Shugabata da kanta ta sa hannu a takardar Hajiya, ta ce min, "Ban san me kika yi ranar Asabar ba, kuma ba na son sani." Amma yatsu biyu sun riga sun mutu, sai da aka cire su. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da ba maganar yatsu ake yi ba.

Na je duba shi bayan aikin. Hajiya ta fita alwala, ya rage daga ni sai shi. Bakina da ba ya shiru, na ce, "Baba, da ka ce min ko kalma ɗaya tun Maris, da yatsunka suna nan."

Ya kalli ƙafar da ke naɗe, ya kalli ƙofar da ta fita. Ya ce, "Rifkatu, yatsun ƙafa goma Allah ya ba ni. Ita kuwa ita kaɗai ce."

Mutumin da ko sunanta ba ya iya kamawa. Na shiga gyara masa bargon da ba ya buƙatar gyara.

Hajiya ta gama kemo a kan inshorar kamfani, shi yana kan ta gwamnati, gida ɗaya kati biyu. Kafin wa'adinta ya cika muka zauna muka nema mata wata. Gashinta ya dawo, har kitso take yi. Baba yana tafiya da takalmi na musamman, kuma har yau bai daina gyara min Hausa ba.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu wasiƙa da bayani ba sa rufe fayil, ko da ƙa'ida ta ce sun rufe. Doka ta hana mu tambayar ciwon mutum, amma ba ta hana mu faɗa masa abin da yake tsoron tambaya ba. Mutanenmu ba su cika ƙin abin da zai amfane su don taurin kai ba, galibi akwai wanda suke karewa a bayansu. Shi ya sa yanzu duk wanda ya zauna a gabana ranar sallama, kafin in yi masa maganar tasa inshorar, sai na fara gaya masa abin da zai faru da ta mutanen gidansa, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.