Goron Suna a Jakar Yaya Hansatu

Duk garinmu Fammar babu mai kitso kamar Yaya Hansatu, kuma babu wadda ake gudun aika kamarta. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, don haka ba a bakin wani na ji ba. In ta ɗauko zance, kafin ta kai tsakiya wani ya faɗo mata, sai ta saki na farko ta bi sabon, kamar akuyar da ta tsinke a gonar wake. Ka gaishe ta, ta amsa da labarin kazar maƙwabta. Kana magana ta ƙarasa maka, kuma ba can ka nufa ba. Daga baya ta yini tana cizon yatsa, tana tambaya ko an ji haushinta.

Wata ma'aikaciyar lafiya da take yi wa kitso ta taɓa gaya mata likitoci suna da sunan wannan hali, wai ADHD, hankali ne ba ya zama wuri ɗaya, ba raini ba ne. Da ta ba mu labari na ce ashe surutu ma ya shiga boko. Ni na fi kowa dariya.

Bara matata ta haifi 'ya mace. Na ƙudura sa mata Zahra'u, sunan gwaggonmu ta Rurum Tsohon Gari, wadda ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifiyarmu. Irin wannan albishir ba a yi wa babba shi ta waya, ƙafa ake takawa da goro a hannu. Ni kuwa ina tsakiyar cirar gyaɗa, ƙiwa ta kama ni. Yaya ta ce a bar mata. Har da magiya ta roƙa, don rabonta da a aike ta tun tana budurwa.

Ta hau babur da hantsi, ba ta dawo ba sai la'asar sakaliya, fuska cike da fara'a. Na tambaye ta Gwaggo, ta ce lafiya lau, har kitso ta yi mata, daga nan ta faɗa labarin wata rijiya da ta rufta. Ban ƙara tambaya ba.

Ran suna aka raɗa, aka yanka rago, gida ya cika, babu Gwaggo. Da azahar Yaya ta buɗe jaka neman mataji, sai ga ƙullin goron nan har ya fara yaushi. Ta fito soro da shi a hannu. A gaban abokaina na gaya mata maganganun da ƙane ba ya gaya wa yayarsa. Ta ajiye goron a gabana ta koma cikin gida.

Gwaggo a bakin masu dawowa daga kasuwar Rano ta ji an yi mata takwara. Ta aiko cewa tunda ta zama bare, to Allah ya raya.

Bayan kwana biyu muka tafi ban haƙuri. A kan babur Yaya tana ta maimaita abin da za ta ce kamar mai hadda. Muka durƙusa gaban Gwaggo. Yaya ta fara tiryan-tiryan, har ta zo kan goron, sai idonta ya sauka a ƙeyar Gwaggo, ta ce ai kitson nan ya fara tashi. Ta ji abin da ya fito daga bakinta, ta toshe shi da hannu, hawaye suka zubo.

"Gwaggo, wallahi ranar maganar tana bakina," in ji ta. "Sau uku ina ɗauko ta, wata ta zo ta ture ta."

Gwaggo ta ce, "Zauna sosai, Hansatu. Ni na goya ki, na san ki. Tun hantsi kina nan har la'asar, rabon da wani ya zauna da ni haka har na manta." Sannan ta juyo gare ni. "Kai kuma Isiyaku, da maganarka ba ta ɓacewa a hanya, me ya hana ka tako?"

Na buɗe baki. Gyaɗa ce kaɗai amsata, kuma ta yi min nauyin faɗa. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Yaya ce ta cece ni, ta share hawaye ta tambayi Gwaggo ko an gyara rijiyar nan. Suka yi ta hira har aka kira sallah, ni ban iya ɗaga kai ba.