Rigar Fitar Sunan Yaya

Ni dai ban iya ɗinki ba, kuma na daina jin kunyar faɗa. An taɓa kai ni koyo wajen wata maƙwabciyarmu a Yalwawa. Ina taka keken ya juya da baya, zare ya cukurkuɗe, allura ta karye. Matar ta ce in je in huta, za ta aiko a kira ni. Har yau ina jiran ɗan aiken. Abin da Allah ya ba ni shi ne zane. Ko bayan kalanda na samu sai na zana riga a kai.

Da yayata ta kusa haihuwarta ta uku, mijinta ya kawo mata turmin atamfa mai tsada na fitar suna. Ba ta yi wani murna ba. Ta ce a sunan baya rigarta mai zif a baya ce, duk sanda jariri ya yi kuka sai ta bar baƙi ta shige uwar ɗaka, a nemo mai zuge mata, ta shayar, a sake zugewa. Rabin 'yan suna sun tafi ba su gan ta ba.

Sai na zana mata doguwar riga da wani shafi da ya sauko daga kafaɗa ya rufe ƙirji kamar ƙaramin mayafi, a ƙarƙashinsa ƙofa biyu masu ƙananan zif. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini turmin.

"Shi ke nan gare ni," in ji ta. "In kika ɓata shi, da tsohon kaya zan fita gaban dangin miji, kuma ke zan nuna musu."

Telan da na kai wa dattijo ne, sa'an babanmu, sahu ɗaya suke sallah. Shagonsa kuma ba ya rabuwa da maza 'yan hira. Ya gyara tabarau ya bi zanen da yatsa har ya tsaya a ƙirji.

"Waɗannan ƙofofin fa, 'yata?"

Ina budurwa, ta yaya zan buɗe baki in yi wa abokin babana maganar shayarwa a gaban maza? Na sunkuyar da kai na ce, "Na amfani ne, Baba."

"To, na gane," in ji shi.

Yaya ta sauka lafiya, namiji. Ana jibi suna na je karɓar riga. Ta yi kyau har ba a magana. Na ɗaga shafin sai na ga aljihu biyu, an yi musu ciki da farin yadi an ɗinke tsaf.

"Na zurfafa su," ya ce da fara'arsa. "Ko waya ta saka ba za ta faɗo ba."

Na yi godiya na fito, raina a ɓace. Haushinsa nake ji, haushin bakina da ya ƙi buɗewa ya fi. Gida kuwa ba na komawa da wannan rigar.

Na samo takardar buhun siminti, na yanke gaban riga yadda nake nufi, na maƙale da fil, na wuce gidan telan wajen matarsa. A tsakar ɗakinta na rataya takardar a wuya, na ɗauki matashi na rungume, na ɗaga shafin na nuna mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"'Ya'yansa duka a gabansa na shayar da su, amma aljihu ya gani? Bar mini rigar, 'yar nan. Wannan maganar tamu ce."

Ban san me ta ce masa ba. Washegari da na koma shagon, telan ya miƙo mini leda yana kallon kekensa, ya ce in gai da mai jego. Na leƙa a hanya: ya farke aljihun, ƙofofin sun fito daidai yadda na zana.

Ranar suna ɗakin Yaya ya cika da dangin mijinta daga Jahun. Ana cikin gaisawa jariri ya tsanyara kuka. Na zuba wa rigar ido. Yaya ta karɓe shi, ta sa hannu ƙarƙashin shafin, ta lulluɓe kansa, ta ci gaba da amsa barka. Kuka ya ɗauke.

Surukarta ta matso ta ɗan ɗaga gefen shafin, ta leƙa, ta saki. Ta yafito ƙanwarta ita ma ta leƙa.

"Wane tela ne ya yi wannan dabara?"

"Tela ɗinkawa kawai ya yi, Inna," in ji Yaya, ta nuna ni da haɓa. "Ga mai rigar can."

Ina bakin ƙofa riƙe da farantin shinkafa, kaina ya yi girma, ban kuma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Har aka watse, babu abin da ya tayar da Yaya daga inda take zaune. Duk wadda ta zo mata suna ta gan ta.